Wa ke gyara famfo a kwalejin malamai?

Watan jiya na raka ƙanwata kwalejin horar da malamai inda ta samu gurbi, wadda ni ma a cikinta na yi shekara uku. Ba zan faɗi sunan kwalejin ba, don abin da na gani can ba nata ba ne ita kaɗai. A takardar kayan da aka ce ta zo da su akwai katifa, bokiti, tsintsiya da gidan sauro. Ni kuma na ƙara mata galan biyu rawaya, irin wanda muke kira galan ɗin Kufuor, saboda na san wurin. Da muka sauke kaya sai na zagaya bayan hostal ɗin maza in duba famfon da muke yi wa layi a zamaninmu. Yana nan. An ɗaure masa baki da robar taya, yana ɗiga, ƙasan wurin ta yi kore shar da gansakuka. Shekara goma da barina, robar kawai aka canza.

Taku kaɗan daga nan ga wani babban gini mai hawa, an kai shi rabi an tsaya, rodi sun miƙe sama sun yi tsatsa, allon kwangila har ya koɗe. Idan aka gama shi, kuma ina fata a gama, manya za su zo daga Akra da jerin motoci a buɗe shi da kiɗa. Famfon nan kuwa ba wanda zai taso daga Akra saboda shi.

Yawancinmu da muka yi kwaleji mun ɗauka makaranta ita ce malami da aji da jarrabawa. Sai da na fara koyarwa, aka ɗora mini kula da kayan makarantarmu, sannan na gane yadda yini ke farawa a kwaleji. Tun kafin asuba akwai mutum ɗaya da zai je ya kunna injin bohol ya tura ruwa cikin manyan tankunan roba. In babu wuta a daren, ko injin ya ƙone, tanki ba zai cika ba. In tanki bai cika ba, matan kicin ba za su dama koko a kan lokaci ba, masai mai ruwa ba zai shigu ba, mai neman alwala sai ya lallaɓa da ɗan abin da ya rage a galan. Ƙarfe bakwai malami zai shiga aji ya tarar da rabin kujeru babu kowa, don ɗalibansa na can gari suna neman ruwa da bokiti a ka. Mu mun yi karatu a tsakiyar dumso, wajajen 2014 da 2015, mun ga wannan da idonmu. Malamin lissafi ya iya aikinsa, wallahi ya iya, amma darasinsa na safe a hannun mai kunna injin yake.

Mutanen da ke riƙe da wannan igiya ba su da yawa. Akwai ofishin kula da gine-gine, wanda ɗalibai ke kira estet, da mai gyaran famfo, da mai gyaran wuta, da kafinta, da sitokifa, da uwar kicin da masu dafuwarta, da leburori da masu gadi. Suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, CENTSAG, amma sau nawa ka ji sunanta a rediyo? Da malaman kwaleji na CETAG suka tafi yajin aiki na kusan wata biyu a 2024, ƙasa duka ta sani. In mai gyaran famfo ya yi ritaya ba wanda ke sani, sai ranar da bututu ya fashe aka nemi mai zuwa aka rasa. Kuma kwaleji ba ta da ikon ta ɗauki wani a madadinsa a kan albashin gwamnati sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini. Izinin nan kan ɗauki lokaci, kuma in ya zo, malamai ake fara cikewa.

Tsohon mai gyaran famfonmu yana nan har yanzu, ya yi furfura. Na gaishe shi na ce, "Baba, har yau famfon nan?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ma ka san hanyar takarda." Na sani kuwa. Shugaban hostal zai rubuta wa estet, estet ya je ya duba ya ƙiyasta kuɗi, takarda ta wuce ofishin sayayya, su kuma dokar sayen kayan gwamnati ta 2003 ta ce su nemo farashi daga wurin 'yan kasuwa aƙalla uku, daga nan ta je ga mai kuɗi, sannan shugaban kwaleji ya sa hannu. Dokar ba ta da laifi, don hana sata aka yi ta. Amma kan famfo da za ka saya a kasuwa da kuɗin wake da shinkafa na 'yan kwanaki, sai ya bi hanyar da sayen mota ke bi. Kafin takarda ta dawo, ruwan da ke ɗiga ya jiƙa bango, bango ya tsage, gyaran sidi hamsin ya koma na dubbai. In ta dawo ɗin ma, amsar ita ce babu kuɗi.

Babu kuɗi ɗin nan shi ne asalin maganar, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya da ni. Gana na da kwalejojin malamai na gwamnati da dama. Wasu tsofaffi ne ƙwarai: ta Akropong tun 1848 take, ta Bagabaga a Tamale tun 1944. An gina su don 'yan ɗalibai kaɗan masu neman satifiket. A 2012 doka ta mayar da su manyan makarantu. A 2018 aka daina difloma ta shekara uku aka koma digiri na shekara huɗu. Ban ƙi wannan ba, malami ya cancanci digiri. Sai dai ƙarin shekara ɗaya na nufin ƙarin aji guda cur na mutane, ko da yake 'yan shekarar ƙarshe kan fita koyon aiki na wani lokaci. Gado, bohol, ramin masai, tukunyar kicin, duk waɗanda aka auna wa aji uku ne. Ramin da ake kwashewa sau ɗaya a zango yanzu yana neman sau biyu, kuma motar kwasa ba ta zuwa kyauta.

Asusun GETFund, wanda aka kafa a 2000 ana zuba masa wani kaso na harajin VAT, shi ke ɗaukar manyan gine-gine. Albashi daga gwamnati yake fitowa kai tsaye. Gyaran yau da kullum kuwa an bar shi ga ɗan abin da kwaleji ke tarawa daga kuɗin ɗalibai, da kuɗin gudanarwa da ke zuwa a makare in ya zo. A cikin wannan ƙaramar tukunya ake neman kuɗin man janareto, da na bas ɗin da ke kai ɗalibai makarantun koyon aiki, da kwan fitila, da maganin kuɗin cizo. Ku tuna abin da ya faru a 2022, lokacin da ƙungiyar shugabannin kwalejoji, PRINCOF, ta fito ta ce ba za ta iya ci gaba da ciyar da ɗalibai ba. Sidi 6.50 ake ba su na kowane ɗalibi a yini, ci uku, shi ma a makare, a shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin 100. Shugaban da mai kawo masara ke tsaye a ƙofarsa da takardar bashi, ga kuma takardar estet a kan tebur, kowa ya san wadda zai fara ɗauka. Ciki ba ya jira, famfo kuwa ana iya ɗaure shi da roba.

Ba na wanke shugabanni duka. Mun sha ganin yadda kuɗi ke fitowa sati biyu kafin bikin yaye ɗalibai, a shafa wa ƙofar shiga fenti, a yi wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, bayan hostal kuwa sai ka toshe hanci. Mu ɗalibai ma ba mu da gaskiya duka. Mu ne muke jona hita da dutsen guga a soket ɗaya har waya ta narke, mu ne muke cusa leda a masai, mu ne muke ɓalle gilashin taga ranar da wani ya manta makulli. Na yi wasu daga ciki, Allah ya yafe.

Abin da ya fi damuna ba warin masai ba ne. Bara an turo mini wata ɗaliba 'yar shekarar ƙarshe ta koyi aiki a ajina na firamare. Yarinya mai ƙoƙari, tana shirya darasi fiye da yadda nake yi a shekarunta. Akwai benci ɗaya a ajin da ƙusa ta fito, ta yaga wa yara biyu yunifom. Sati uku tana kewaye shi, tana ce wa yara su matsa gefe. Da na tambaye ta me ya hana ta faɗa, sai ta ce, "Malam, ai ko an faɗa ba a gyarawa." Ba a ajin koyon hanyoyin koyarwa ta ji wannan ba. A layin famfo ta koye shi, shekara uku tana kai ƙara ba amsa, har ta haƙura. Guduma tana ofishin hedimasta, aikin minti biyar ne. Wannan yarinya za a tura ta wani ƙauye ko wata makarantar zango ta yi shekara talatin, wata rana ta zama shugabar makaranta. Kwalejojin nan kowace shekara suna fitar da dubban irinta, kuma 'ya'yanmu ne za su zauna a kan bencinsu.

Shi ya sa nake ganin duk ginin da GETFund zai biya, a yanke wani kaso tun a takardar kwangila a ajiye don gyaransa, a asusun da ba za a iya juya shi zuwa masara ko fenti ba. Hukumar GTEC da ke sa ido a kan manyan makarantu, in ta zo duba kwaleji, bayan ta ƙirga masu digiri na biyu da littattafan laburare, ta nemi a nuna mata famfo nawa ke aiki da masai nawa ke shiguwa, ta rubuta. Ma'aikatar Kuɗi kuma ta daina ɗaukar mai gyaran wuta da mai gyaran famfo a matsayin waɗanda za a iya jira. A bai wa estet ɗan kuɗin hannu na ƙananan gyare-gyare, yana kashewa yana kawo rasit ƙarshen wata.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar ko sidi ɗaya daga Akra. A rataye allo a ƙofar kowane hostal, a rubuta abin da ya lalace, ranar da aka kai ƙara, da ranar da aka gyara. Kowa ya gani: ɗalibi, uba mai ziyara, ɗan majalisar gudanarwar kwaleji. Na gwada shi a ƙaramar makarantarmu da alli da guntun katako. Bai kawo kuɗi ba, amma kunya ta sa abubuwa da yawa sun gyaru, har da bencin nan.

Mu tsofaffin ɗalibai kuma, in mun haɗa kuɗi a guruf ɗin WhatsApp, mun fi son abin da za a manna wa sunan ajinmu, rumfar hutawa ko allon ƙofa. A ajinmu na kawo shawarar mu sayi injin bohol na ajiya, mu kuma biya wa Baba mai famfo yaro ɗaya da zai koya wa aiki kafin ya tafi. Wasu sun ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne aikinta ne, kuma za mu ci gaba da tuna mata a wannan shafi. Har yanzu dai ana ta muhawara a guruf ɗin, mutum bakwai ne suka turo nasu.

Iyaye na zango da ke kai yara kwaleji bana, in kun sauke akwati kada ku tsaya a ɗakin taro inda aka jera kujeru. Ku zagaya baya, ku murɗa famfo, ku leƙa masai, ku tambayi yaushe aka kwashe rami. In an yi taron iyaye ko an kira ku wata magana, ku tayar da wannan. Ƙanwata ta kira ni shekaranjiya da daddare. Karatu lafiya, ta ce, malamai na zuwa. Sai dai kwana huɗu ke nan tankinsu bai hau ba, tana so in aiko mata da galan na uku ta hannun direban da ke zuwa ranar kasuwa.