Daga Taurari Zuwa Fadamar Albasa

Makon jiya na leƙa fadamar wani kawuna a Maiyama, na iske shi durƙushe yana murza ganyen albasa tsakanin yatsu. Ya ɗaga shi saitin rana, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, wannan koren ba na lafiya ba ne." Ni dai kore kawai na gani. Kawu launi yake karantawa, kuma da karatun launi masana sararin samaniya suke cin abinci.

Duk wanda ya taɓa ganin bakan gizo ya san hasken rana launuka ne a cure. Akwai na'urar da ke tsefe haske silli-silli, kowane sinadari kuwa da irin tabon da yake bari a ciki. Ta haka aka hango alamar iskar hiliyum a jikin rana a 1868, sai a 1895 aka kama ta a ɗakin gwaji.

A da irin wannan na'ura sai ta cinye tebur guda, yau ta ƙanƙance. Wata irinta madubai biyu ne mitsi-mitsi suna fuskantar juna, da an matsa tazararsu da ɗan lantarki sai launin da ke wucewa ya sauya, kamar mai murɗa rediyo yana neman tasha. Madubin hangen nesa na James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, na'urarsa ta tsefe haske tana da tagogi kusan 250,000, kowace ba ta wuce kaurin 'yan silin gashi ba. Ana buɗe wadda ake so a rufe saura, a tsefe hasken abubuwa ɗari a lokaci guda.

Wani zai ce ina ruwan biri da gada. To, idon da ya kalli sama, idan ya juyo ƙasa gona yake gani. Lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da ke gaba da ja, wanda idonmu ba ya kamawa, kuma da ƙishi ko cuta sun taɓa shi hasken yakan ragu. Taurarin ɗan'adam na Turai, Sentinel-2, suna ɗaukar hoton fadamun Jega da Aliero da launuka 13 duk bayan kwana 5, kuma hotunan kyauta ne. Mai karanta su muka rasa.

Shi ya sa nake kira ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006 a tsakiyar ƙasar albasa. Ta haɗa ɗaliban fiziks da na noma a aji ɗaya, ta nemi haɗin gwiwar hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, wadda Najeriya ta samu tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 a ƙarƙashinta tun 2003. A ba kowane ɗalibi fadama guda ya bi ta daga dashe zuwa cira, hoto a hannu, ƙafa cikin laka. Abin da ya gani ya faɗe shi da Hausa a rediyo.

In za a fara, a fara da Kawu. Shi zai gaya wa yaran inda na'ura ta yi daidai da inda ta yi shirme.