Adon da ya yi tafiya babu sunan mai shi

Maganarmu ta wannan mako a kan sunan mai sana'a ce, kuma ɗan jirgin sama na ado ne ya jawo ta.

A ƙasashe da dama akwai masu sha'awar tara ƙananan jirage suna jerawa a ɗaki, irin waɗanda Herpa na Jamus da GeminiJets na Amurka ke ƙerawa. Ana rage girman jirgin gaske sau 400, sai Boeing 747 mai tsawon mita 70 ya dawo kamar santimita 18. Cikin waɗanda ake tarawa har da na kamfanin Qantas na Ostireliya, masu ɗauke da zanen Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar.

Qantas ya fara wannan ne a 1994 da jirgin da ya kira Wunala Dreaming. Zanen ya fito daga Balarinji, kamfanin da John Moriarty, ɗan ƙabilar Yanyuwa, ya kafa da matarsa Ros. A 2002 aka yi wa wani jirgin ado da zanen Rene Kulitja. A 2018 aka raɗa wa wani Boeing 787 sunan Emily Kame Kngwarreye, tsohuwar da ta rasu a 1996, aka kuma ɗora masa zanenta na doyar daji. Duk wanda ya sayi ɗan jirgin nan, ko a wace ƙasa yake, sai ya riƙe sunan wannan baiwar Allah.

To mu fa? Mun riga Qantas fitar da kaya duniya. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara a kan raƙuma, Turawa suna yi wa littattafai bango da ita. Amma da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take isa gare su, sai suka kira ta fatar Maroko. Akuya tamu, jima tamu, suna na wani. Har yau ba mu daddara ba: a kasuwannin Wurno da Goronyo da Rabah mukan yaba aikin baduku, ko aska takwas a wuyan riga, ko ƙwarya mai zane, mu biya mu tafi ba mu tambayi wanda ya yi ba.

Muna da kamfanonin jirage na 'yan Arewa, irin su Max Air da ya daɗe yana jigilar alhazai. Muna son wata rana maniyyacin Lahodu ya isa filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya tarar da dagi ko aska a wutsiyar jirgi. Irin wannan adon ma babu hoton mai rai, don haka ba zai jawo gardama ba. Sai dai da sharaɗi uku: a nemi izinin mai zanen, a biya shi, a rubuta sunansa da garinsa. In babu waɗannan, an maimaita labarin fatar Maroko ke nan.

Wani zai ce ana fama da rashin tsaro da tsadar taki, wa ke ta fenti? Gaskiya ne, amma suna ma abinci ne. Badukun da aka san sunansa shi ake nema da aiki, shi ke yanka farashi, shi kuma yara ke zuwa koyo wurinsa. Wanda ba a sani ba, ɗan kasuwa ke cin guminsa har ya gaji ya bar sana'ar.

Ba sai mun jira masu jirgi ba. Daga wannan mako, duk wanda zai ɗora hoton jaka ko hula ko ƙwarya a wannan zaure, ya fara neman yardar mai aikin, sannan ya rubuta sunansa da garinsa a ƙasan hoton. Allah ya sa mu dace.