A Buɗe Wa Matasan Gumel Zauren Koyon Magana

Malam Edita,

A ba ni fili in yi magana kan matasan Masarautar Gumel. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari za ka ga saurayi yana ja-in-ja da dillali kan kuɗin bijimi, bakinsa ko rawa ba ya yi. Amma a miƙa masa lasifika a taron unguwa, sai gumi ya karyo masa, murya ta maƙale. Rashin sabo ne kawai, kuma abin yana damuna.

Ina roƙon Kwalejin Ilimi ta Gumel ta buɗe wa 'yan gari ƙungiyar muhawara, har da na Gagarawa da Sule Tankarkar, maza da mata. Kowa a ba shi minti biyar gaban jama'a, da Hausa tukuna, a gyara masa ba dariya. Ranar da aka buɗe, da ni za a fara.

Naku,
Mai karatu daga Gumel