WASIƘAR MABAI: Wa Zai Yi Wa Yaranmu Magana?

Yau ina so in jawo hankalin malamai da ma'aikata ga wani aiki wanda mutane suka ɗauka wasa ne, watau aikin mai hira da yara a talabijin na Gwamnati.

Tun 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A 1984 NTA ta soma shirin Tales by Moonlight, inda mace kan tara yara ta yi musu tatsuniya. Marigayi Jimi Solanke kuwa, wani Bayarabe wanda ya rasu a 2024 yana da shekara 81, ya yi suna wurin yara da shirin Storyland. To, amma duk da Turanci ne. Yaron Mabai wanda bai shiga makaranta ba, iyakarsa kallon baki.

Don a san nauyin aikin, bari in kawo labarin wani mutumin Amurka, sunansa Fred Rogers. An haife shi a 1928, ya yi karatun kiɗa, sa'an nan na addini har aka naɗa shi fasto. Ya ga abin da ake nuna wa yara a talabijin, abin bai gamshe shi ba, sai ya shiga aikin da kansa. Daga 1968 har 2001 yana shiri guda, ba ihu ba gaggawa. Kullum in ya shigo sai ya sāke riga da takalmi, kāna ya dubi yaro ya yi masa magana kamar su biyu ne a ɗaki. Shekarar da ya soma aka harbe Sanata Robert Kennedy. Bai ɓoye wa yara ba, shiri ya yi musamman a kan tsoron da ya kama su. A 1969 da aka so rage kuɗin irin waɗannan gidaje, ya tafi Majalisar Dattawa, ya yi bayani na 'yan mintoci a kan dala miliyan 20, har shugaban zaman, Sanata Pastore, ya sakko. Ya rasu a 2003.

Jama'a, mu dawo gida. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su, alhamdu lillahi. Amma ƙannensu fa, na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda suka tashi suna jin ƙarar bindiga da dare? Manya sun yi taro, an yi jawabai, duk manya ake yi wa. Dā kaka ce mai kwantar da hankalin yaro da labarin Gizo da Ƙoƙi, ga shi kuwa wata kakar yau gudun hijira take.

Roƙona ga Gwamnatin Katsina shi ne a zaɓi mutum guda mai haƙuri, namiji ko mace, mai Hausa tsantsa, a ba shi rabin sa'a kowane mako. A sa shi a rediyo kuma, domin talabijin bai kai kowane gida ba. Kada a mai da wurin masaukin sabon ma'aikaci wanda ke jiran ci gaba, gama yaro ba ya sakin jiki da baƙuwar fuska. A ba shi albashi da girma daidai da mai karanta labarai, a kuma bar shi ya tsufa a wurin.

Malaman makaranta, ku ne kuke tare da yaran nan kullum. Ku rubuto wa Edita abin da kuka gani.

Naku,
Wakilinku na Mabai