Kamshaf Ɗin Tsere a Tsohon Babur: Gyaran Gangar Auzinawa a Hanyar Tsamaye

Daga Isa zuwa Sabon Birni har Tsamaye, babur shi ne motar asibiti, shi ne jakin kai gero kasuwa, shi ne kuma abin tsira ranar da 'yan bindiga suka tare hanya. Don haka ɗan kabu-kabu mai tsohon Boxer yana da dalilin sauraron duk bakaniken da ya yi masa alkawarin ƙarin gudu. Alkawarin da ya fi daɗin ji shi ne na canza kamshaf: a cire na kamfani, a sa na tsere irin wanda ake tallatawa a bidiyon TikTok da YouTube. Shawara ce mara kyau, kuma a wannan yanki tana iya cin rai.

Kamshaf ɗan sandan ƙarfe ne mai ƙusumbi, wanda ke buɗe bawul biyu na injin: ɗaya ya shigar da iska da fetur, ɗaya ya fitar da hayaƙi. Duk juyi 2 na inji, shi juyi 1 yake yi. Tsayin ƙusumbin ne ke ƙayyade zurfin buɗewar bawul, faɗinsa kuma ya ƙayyade daɗewarta a buɗe. Na tsere ya fi tsayi da faɗi, don inji ya shaƙi iska da yawa idan yana juyi da matuƙar sauri.

A nan cinikin yake. Idan inji na juyi a hankali, bawul ɗin shiga da ya makara wajen rufewa yakan bar fistin ya maido da wani ɓangare na iska da fetur baya, wani kuma ya sulale ta salansa bai ƙone ba. Ƙarfin jan kaya ya ragu, babur ya riƙa mutuwa a tsaye. Abin da aka samu a ƙurewar gudu, a tashi da hawan tudu aka biya shi. Mai tsere a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ya ci riba. Wanda ke keta rairayi da laka a fadamar Gulbin Rima, da buhu biyu da fasinja a baya, a giya ta ɗaya da ta biyu yake yini, wato daidai inda kamshaf ɗin tsere ke kashe ƙarfi. Zai dinga murza wuta yana wasa da kuloci har ya ƙone shi.

Lissafin ma bai goyi bayan bakaniken ba. Injin Boxer mai cc 100 ƙarfin doki kusan 8 yake bayarwa yana sabo. Ko da an yarda kamshaf zai ƙara kashi 10 cikin 100, ƙarin bai kai doki 1 ba, kuma ba a samunsa sai an daidaita kafireto da salansa da sifirin ɗin bawul. Tsohon sifirin da ya gaji ba ya iya maido da bawul a kan lokaci. Idan fistin ya riske shi a buɗe, ya lanƙwasa shi, inji ya tsaya nan take. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi, a zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40, ba shi da sauran juriyar da za a yi caca da ita. Ga kuma shan mai, alhali tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninka fiye da sau 3.

Masu kare wannan gyara suna cewa gudu shi ne tsaro. Tsoronsu gaskiya ne. Mutanen Sabon Birni ba su manta da hare-haren Mayun 2020 da suka hallaka mutane da dama a ƙauyukansu ba, ko motar matafiya da aka ƙone a Disamban 2021. Sai dai doki ɗaya ba ya tserar da mutum daga harsashi. Babban haɗari ga matafiyi a irin wannan hanya shi ne babur ya tsaya a daji. A Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal kuma ta hana sayar da fetur a jarka, wanda baburinsa ya mutu a hanya ba shi da wanda zai kira. Babur mai tashi da bugu ɗaya, mai ƙarancin shan mai, shi ya fi kusa da tsira.

Kamfanin Honda ya gane wannan tun 1974. Injiniyoyinsa sun zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka tarar ana lodin babur fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya daskare, ƙura kuma ta toshe matatar iska, kamshaf na lalacewa. Amsarsu ita ce CG125 na 1975: kamshaf mai sauƙi da aka sauko da shi ƙasan inji, da matatar soso da ake wankewa. Sun zaɓi ƙarko a kan gudu, kuma har yau kamfanonin Sin na kwaikwayon wannan inji.

Tsohon babur da ya yi sanyi ƙarfinsa na asali ya zubar, kuma ana iya maido da shi da kuɗi kaɗan: a daidaita tazarar bawul, a canza ringin fistin idan yana hayaƙi, a wanke matatar iska a kai a kai musamman da hunturu, a sa filogi mai kyau, a zuba baƙin mai na gaskiya a kan lokaci. Mai son ƙarin ja a rairayi ya ƙara haƙora 2 ko 3 a faifan sarƙar baya. Idan kamshaf ɗin ya ci, a maye shi da irin na kamfani.

Da yawa daga cikin waɗannan babura, ma'aikatan da ke Sakkwato da Kano da Abuja ne suka saya wa ƙannensu, su ne kuma ake kira idan gyara ya taso. Kafin a tura kuɗin kamshaf ɗin tsere, ya kamata a tambayi bakanike ko ya auna matsin injin, da kuma wace hanya babur ɗin yake bi kullum. Bakaniken da ba shi da amsar waɗannan biyu bai cancanci a ba shi injin da ran wani ke kansa ba.