Tikitin maki da zangon ƙarshe: dole ne wanda ya sayi rake ya shanye shi?

Idan mutumin Janfalan ya shiga motar Zariya a tashar Unguwa Uku da ke Kano, ya biya kuɗin Zariya cif, sannan ya ce a sauke shi a Tashar Yari domin ya nemi ta ƙarasawa gida, babu direban da zai ɗaga masa murya. Hasali ma daɗi zai ji, don kuɗin kujera ya riga ya shiga aljihu, ga kuma damar ɗaukar wani fasinja a hanya. Haka wanda ya sayi karan rake a kasuwar Makarfi: in ya ga dama ya sha gaɓa huɗu ya yar da ta biyar, mai rake ba zai biyo sawunsa ba. Da wannan fahimta muka tashi, cewa abin da ka biya naka ne, ko ka cinye ko ka rage.

Kamfanonin jiragen sama ba su yarda da haka ba. A wurinsu, fasinjan da ya yanki tikiti mai zango biyu, ya sauka a na farko ya ƙi hawa na biyu, ya saɓa yarjejeniya. Lamarin ya fi nauyi idan da maki aka yanki tikitin, wato makin tukuicin nan da kamfani ke tara wa mai yawan tafiya da shi har ya isa a musanya shi da kujera. Ra'ayina shi ne sauka kafin zangon ƙarshe ba sata ba ce, kuma bai dace a hukunta wanda lalura ta tilasta wa hakan ba. Amma duk wanda ya mai da abin dabara, ya kuma yi ta da maki, ya sani cewa tarin shekarunsa yana ajiye ne a hannun wanda yake ƙoƙarin yi wa wayo.

Yadda nesa ke fin kusa araha

Direban mota nisa yake sayarwa, shi ya sa kuɗin Kaduna ya fi na Zariya. Kamfanin jirgi kuwa kasuwa yake dubawa. Idan shi kaɗai ke zuwa wani birni kai tsaye, zai tsuga kuɗi, domin mai gaggawa ba shi da zaɓi. Idan kuma akwai kamfanoni huɗu ko biyar da ke kai mutane wani birni da ke gaba da wancan, dole ya sassauta don kada a ƙwace masa fasinja. Ta haka tikitin da ya ratsa ta birnin farko ya wuce na biyu yake iya fin tikitin birnin farko kaɗai araha, alhali jirgi ɗaya ne kuma kujera ɗaya ce.

A tikitin maki abin yana zuwa ta hanya biyu. Wasu tsare-tsaren suna ƙayyade maki ne yanki-yanki, ta yadda duk biranen yanki guda farashinsu ɗaya, saboda haka ƙarin zango ba ya ƙara ko maki ɗaya. Hanya ta biyu ita ce kujerun da ake ware wa masu maki ƙalilan ne, kuma kwamfutar kamfani takan ɗaure zango biyu wuri guda. Sai ka nemi kujera zuwa birnin farko ta ce babu, ka nemi ta birnin gaba ta cikin wannan jirgin dai ta ce akwai.

A ɗauki misali. EgyptAir da Ethiopian Airlines duka suna sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda a nan mutanen Ikara da Makarfi da Kudan suka fi tashi, kuma duka biyun suna cikin ƙawancen Star Alliance, inda makin kamfani ɗaya ke iya sayen kujera a jirgin ɗan'uwansa. Ɗan kasuwar da ya tara makin ShebaMiles na Ethiopian yana son kai mahaifinsa asibiti a Alƙahira. Ya duba bai ga kujerar maki daga Kano zuwa Alƙahira ba, amma ya ga ta Kano zuwa Jidda da za ta yada zango a Alƙahira. Zuciya za ta raya masa ya yanka, su yi zamansu a Masar. A ɓangaren dawowa ma akwai irin wannan. A watan Maris na 2022 Qatar Airways ya fara zuwa Kano daga Doha ta hanyar Abuja, kuma mai tikitin Kano da wata buƙata ta taso masa a Abuja zai ga babu dalilin wucewa.

Ba abin mamaki ba ne mutane su riƙa irin wannan lissafi. A tsakiyar 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala sun haura dala miliyan 800. A wancan lokacin kamfanoni da dama suka rufe tikitocinsu masu rahusa ga masu saye daga Nijeriya, Emirates ma ya dakatar da zuwa a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai 1 ga Oktoba, 2024. Da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, makin da mutum ya tara ya zama dukiyar da ake lallaɓawa.

Abin da kotuna suka ce

Kamfanoni sun sha kai ƙara, kuma ba kullum suke nasara ba. A 2014 United Airlines da Orbitz suka maka wani matashi mai suna Aktarer Zaman a kotu saboda shafinsa na Skiplagged, wanda ke nemo wa mutane irin waɗannan tikitoci. A 2015 alƙali a Chicago ya kori ƙarar United bisa dalilin cewa kotunsa ba ta da hurumi. A Jamus, Lufthansa ya nemi wani fasinja ya biya ƙarin Yuro 2,112 bayan ya yanki tikitin zuwa da dawowa tsakanin Oslo da Seattle a kan Yuro 657, ya kuma tsallake zangon ƙarshe daga Frankfurt. Wata kotu a Berlin ta kori ƙarar a Disambar 2018, domin sharaɗin da kamfanin ya dogara da shi bai fayyace wa mai saye nawa za a caje shi ba. A Nuwamban wannan shekarar Kotun Ƙolin Sifaniya ta soke sharaɗin Iberia da ke ba shi damar kashe sauran tikiti idan fasinja bai hau wani zango ba.

Sai dai kamfani ba ya buƙatar kotu kafin ya hukunta mutum. A Yulin 2023 American Airlines ya soke tikitin wani yaro ɗan shekara 17 da zai tashi daga Gainesville zuwa New York, bayan ma'aikata sun gane a Charlotte yake nufin sauka, kuma mahaifinsa ya shaida wa 'yan jarida cewa an hana yaron hawa jiragen kamfanin har shekara uku.

Maki na wane ne?

A nan ne tikitin maki ya bambanta da na kuɗi. Wanda ya biya kuɗi ya sauka a hanya, cinikinsa da kamfani ya ƙare, in kamfani na son wani abu sai ya bi shi. Mai maki kuwa asusunsa na hannun kamfani, sunansa da lambarsa na jikin tikitin, sauran makinsa da matsayin da ya kai duk suna cikin kwamfutarsu. Sharuɗɗan manyan tsare-tsaren maki sun saba faɗa ƙarara cewa maki ba mallakin mai tarawa ba ne, kuma kamfani na iya rufe asusun wanda ya ga ya saɓa ƙa'ida.

Shari'ar Ginsberg da Northwest Airlines ta nuna iyakar wannan iko. A 2008 kamfanin ya cire Rabbi Binyomin Ginsberg daga tsarin makinsa, yana zarginsa da yawan ƙorafi don neman diyya. Ya kai ƙara cewa an ci amanarsa, amma a Afrilun 2014 Kotun Ƙolin Amurka baki ɗaya ta ce dokar tarayya kan harkar jiragen sama ta toshe irin wannan da'awa. Laifinsa daban ne da tsallake zango, amma darasin ɗaya ne ga duk mai asusu.

Kuma kada a ɗauka maki kyauta ce da kamfani ke rabawa don alheri. Tun da American Airlines ya ƙaddamar da AAdvantage a 1981, harkar ta zama kasuwa mai zaman kanta, inda bankuna ke sayen maki su raba wa masu katinsu. A lokacin annobar korona, United ya ci bashin dala biliyan 6.8 a 2020 da jinginar tsarin makinsa, Delta ya ci na biliyan 9, American kuma na biliyan 10 a 2021. Abin da aka jinginar a kan irin waɗannan kuɗi ana tsaronsa da ido buɗe. Wanda ya yi shekara biyar yana zirga-zirgar Dubai ko Guangzhou yana tara maki, in ya saka su duka cikin haɗari don ya tsira da kujera guda, ya yi cinikin biri a sama.

Tarkon da ke kan hanya

Ko da kamfani bai ce uffan ba, akwai abubuwan da ke kama mutum tun kafin ya fita daga filin jirgi. Kayan da aka auna aka karɓa suna ɗauke da takardar birnin ƙarshe, can za su nufa. Wannan ya fi shafar mu, domin ɗan kasuwa ko mai dawowa daga Umara ba da jakar hannu kaɗai yake tafiya ba.

Sai batun biza. A wurin tantancewa a Kano, takardar shiga ƙasar da tikiti ya ƙare za a nema. Ɗan kasuwar nan na misalinmu sai ya nuna bizar Saudiyya kafin a bar shi ya hau, sannan ya nuna izinin shiga Masar kafin a bar shi ya fita a Alƙahira. Ga mai fasfon Nijeriya, kuɗi da wahalar biza biyu sun isa su cinye ribar da yake hange.

Idan kuma tikitin na zuwa da dawowa ne, da zarar an tsallake zango ɗaya kwamfuta takan soke duk abin da ya rage, har da na komawa gida. Sannan alkawarin kamfani shi ne ya kai ka birnin ƙarshe, ba dole ta hanyar da ka zaɓa ba. In hazon hunturu ya hana tashi a Kano ko jirgi ya samu matsala, ana iya sauya maka hanya ta wani birnin da ba ka da harka da shi, ba ka kuwa da bakin magana.

Inda hakki yake

Kamfanoni na cewa mai tsallake zango yana jawo musu asara. Ban gamsu da wannan hujja ba. An biya kujerar, da kuɗi ko da maki, kuma su da kansu suka tsara farashin da ya sa nesa ta fi kusa araha. Su ne kuma ke sayar da tikiti fiye da yawan kujerun jirgi bisa lissafin cewa wasu ba za su zo ba. Wanda ke cin riba daga rashin zuwan fasinja bai kamata ya kira rashin zuwan laifi ba.

Hakkin da na yarda da shi na sauran matafiya ne. Tun bayan bam ɗin da ya tarwatsa jirgin Air India a 1985 da na Pan Am a Lockerbie a 1988, ƙa'idar tsaro a jiragen ƙasa da ƙasa ita ce kada jaka ta tashi ba tare da mai ita ba. Idan mutum ya sulale bai gaya wa kowa ba, za a yi ta kiran sunansa, in yana da kaya a ciki a buɗe a nemo su a sauke, jama'a na zaune suna jira, wasu na rasa jirginsu na gaba. Sannan kujerar maki da ya riƙe a zangon da ba zai hau ba, akwai wanda yake nemanta da gaske bai samu ba. Akwai kuma bambanci tsakanin wanda rasuwa ko rashin lafiya ta tsayar a hanya da wanda ya amince da sharaɗi yana ƙudurce da niyyar saɓa shi. Alkawari kaya ne, ko da kuwa da kwamfuta aka ƙulla shi.

Saboda haka wanda lalura ta kama a tsakiyar tafiya, ya je teburin kamfani ya faɗa musu ba zai ƙarasa ba, ya nemi a sauke kayansa, ya ajiye shaidar dalilinsa. Wanda kuma tun farko birnin tsakiya yake so, ya fara tambayar ko tsarin makinsa na ba da damar tsayawa na kwanaki a hanya, ko ya yanki tikitin zuwa daban da na dawowa, ko ya matsa da ranar tafiya har kujera ta buɗe. Waɗannan hanyoyi na iya cin ƙarin maki, amma asusu zai tsira.

Sauran aikin na hukuma ne. Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, shi ne na kare hakkin fasinja, ga kuma hukumar FCCPC da dokar 2018 ta kafa don kare masu saye. Abin da ya kamata su tsaya a kai shi ne duk kamfanin da ke sayar da tikiti a Nijeriya ya bayyana wa mai saye, tun kafin ya biya, abin da zai faru in ya tsallake zango da kuma adadin da za a caje shi, kamar yadda kotun Berlin ta nema. Kada kuma a rufe asusun maki sai an sanar da mai shi dalili a rubuce, an ba shi damar kare kansa. Kafin a kai nan, mai maki ya karanta sharuɗɗan tsarinsa, musamman sashen da ke magana kan bin zangogi a jere da na rufe asusu, tun bai danna maɓallin saye ba.