Ba Launin Fata Ke Kisa Ba

Akwai wata magana da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp, wai binciken Amurka ya tabbatar da cewa ƙodar baƙar fata rarrauna ce tun daga halitta, shi ya sa ciwon daji ke saurin kai mu kushewa. Masu yaɗa ta sukan rufe da "sai haƙuri". Ni kam ban yarda ba.

Gaskiya ne alƙaluman Amurka sun nuna baƙaƙen fata sun fi Turawa kamuwa da dajin ƙoda, kuma bayan an gano shi ba sa daɗewa kamar su. Sai dai waɗanda cutar ta fi kashewa a can su ne 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, kusan ninki biyu na Turawa. Wane jini muka haɗa da su? Abin da suka haɗa da baƙaƙen Amurka shi ne talauci, wahalar samun likita, hawan jini da ƙiba da taba, da jinkirin tiyata. Dajin ƙoda kuwa cuta ce mai shiru. Sau da yawa ana gano shi ne ba zato, yayin ɗaukar hoton ciki don wata larurar daban. Wanda ke zuwa asibiti a kai a kai za a tsinci nasa yana ƙarami, a yanke, ya tashi. Wanda ba ya zuwa sai ciwo ya kayar da shi, nasa ya riga ya kai huhu ko ƙashi.

Su kansu likitocin sun daɗe suna auna lafiyar ƙoda da wani lissafi da ke ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100, ƙodarsa ta fito da lafiyar da ba ta da ita, a makara wajen tura shi ga ƙwararre. Sai a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka ce a daina. Ashe wani ɓangare na "halittar" da biro aka rubuta shi.

Ban ce gado ba ya da hannu ba, kuma nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Akwai wani nau'in dajin ƙoda, ba shi da yawa amma mugu ne, wanda aka bayyana a 1995. Kusan duk wanda ya kama mai ɗauke da ƙwayar sikila ne, yawanci AS, kuma matasa ya fi kamawa, galibi a ƙodar dama. A Amurka baƙar fata 1 cikin 13 ke ɗauke da wannan ƙwaya. A Najeriya kusan 1 cikin 4. Mu a zango ba ma tuna gwajin jinin nan sai an zo maganar aure.

To ga inda haƙurin nan ke cutar da mu. Saurayi ya ga jini a fitsarinsa, manya su ce tsargiya ce, kowa ya yi ta yana yaro, a jiƙa masa sassaƙe. Galibi tsargiyar ce, ban musa ba. Amma wanda ya sha maganinta jinin bai tsaya ba, ko ciwon kwiɓi ya biyo baya, ko rama, musamman in ya san shi AS ne, hoton ƙoda yake bukata a makon nan. Ya faɗa wa likita rukunin jininsa da bakinsa, ko da ba a tambaye shi ba.